Ƙarin Albashi Mai Komawa Baya a Jami'o'i: Yaushe Alƙawari Yake Zama Bashi?

Tsakure

Maƙalar ta duba saɓanin da ke aukuwa tsakanin ƙungiyar malaman jami'a da hukumomi a kan kuɗaɗen da ake kira ariyas, musamman ƙarin albashin da ake amincewa da shi a wani lokaci, a ce ya fara aiki tun daga wani lokaci da ya wuce. An ɗauki rikicin ƙungiyar ASUU da Gwamnatin Tarayyar Nijeriya a matsayin misali, an auna shi da babin ijara da na alƙawari da na bashi, bisa mazhabar Malikiyya da matsayar Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya. Abin da ya bayyana shi ne, kalmar ariyas ta tattara kuɗi iri huɗu masu hukunci daban-daban, kuma cakuɗa su wuri guda yana daga cikin abubuwan da ke tsawaita rikicin.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya yi umarni da cika alƙawura. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya yi karatu ko koyarwa a jami'ar gwamnati a Nijeriya ya san yadda wannan rikici yake kai-komo. A zauna a yi yarjejeniya, a sanar da ƙarin albashi, a ambaci ranar da zai fara aiki, sannan watanni su shuɗe ba a ga komai ba. Ƙungiya ta ce bashi take bi. Hukuma ta ce alheri ne ta yi niyya, za ta cika idan hali ya samu. Daga nan sai wa'adi, sai yajin aiki, sai rufe azuzuwa.

Galibi ana kallon lamarin ta fuskar siyasa ko dokar ƙwadago. Sai dai Musulmi, ko malami ne shi ko shugaban jami'a ko jami'in baitulmali, yana da wata tambaya da ta gabaci waɗannan: mene ne a wuyana a gaban Allah, kuma mene ne haƙƙina? Fiƙihu ya daɗe da bambance abin da ya tabbata a zimmar mutum, wato wuyansa, da abin da bai wuce fata ko buƙata ba. Wannan bambanci ne maƙalar za ta bi daki-daki.

2.0 Yadda Matsalar Ta Samo Asali

An kafa ƙungiyar ASUU a 1978. Yarjejeniyar da ta fi shahara tsakaninta da Gwamnatin Tarayya ita ce ta 2009, wadda ta ƙunshi tsarin albashi, da alawus na ƙarin aiki, da kuɗin gyara jami'o'i, tare da sharaɗin a riƙa sabunta ta duk bayan shekara uku. Sabuntawar ba ta samu a kan lokaci ba. An naɗa kwamitoci bi da bi: na Wale Babalakin a 2017, na Farfesa Munzali Jibril a 2020, na Farfesa Nimi Briggs a 2022, sai na Alhaji Yayale Ahmed a 2024. A tsakanin haka an yi dogayen yajin aiki: kusan wata shida a 2013, wata tara a 2020, da wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba.

A yajin 2022 gwamnati ta yi aiki da ƙa'idar "ba aiki, ba albashi", bisa sashe na 43 na Dokar Rikicin Ƙwadago, ta riƙe albashin kimanin wata bakwai da rabi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta tabbatar mata da wannan iko a watan Mayu na 2023. A watan Oktoba na wannan shekara Shugaban Ƙasa ya amince a saki albashin wata huɗu, aka biya a farkon 2024, ragowar ya ci gaba da zama abin jayayya.

A watan Satumba na 2023 kuma, hukumar tsara albashi ta ƙasa ta sanar da ƙarin kashi 35 cikin ɗari ga farfesoshi da kashi 25 ga sauran ma'aikatan manyan makarantun tarayya, aka ce ƙarin ya fara aiki daga 1 ga Janairu, 2023. Ba a fara ganinsa a albashi ba sai a 2024, don haka ƙarin watanni 12 na 2023 ya taru ya shiga jerin abin da ƙungiyoyi suke bi. Wannan shi ne ainihin ƙari mai komawa baya.

3.0 Albashin Malami: Lada ne ko Tallafi?

Kafin a yi hukunci a kan ƙarin, wajibi ne a san matsayin asalin albashin. Imam Al-Ƙarafi (ya rasu 684 bayan Hijira) a littafinsa Al-Furuƙ ya ware babi don bambance arziki da ujra. Arziki, a ma'anar malaman fiƙihu, shi ne abin da shugaba yake yanka wa alƙali ko limami ko mai fatawa daga baitulmali domin ya samu sukunin tsayawa da maslahar jama'a. Ya fi kusa da taimako, shugaba yana iya ƙara shi ko rage shi gwargwadon maslaha. Ujra kuwa musaya ce: aiki sananne a kan lada sananne, babu mai ikon taɓa ta shi kaɗai, kuma ana gadonta.

Albashin malamin jami'a a yau ya fi dacewa da ujra. Akwai takardar ɗauka, da mataki, da adadi sananne, da ayyuka ƙayyadaddu, da hukuncin wanda ya yi sakaci. Wannan shi ne abin da malamai suke kira ajiri khas, wato ma'aikacin da ya keɓe lokacinsa ga mai aiki guda, saɓanin ajiri mushtarak irin tela ko maƙeri da yake karɓar aikin kowa. Karɓar lada a kan koyarwa, har da koyar da Alƙur'ani, halal ne a wurin Imam Malik, kuma tun ƙarni na uku na Hijira Muhammad ɗan Sahnun ya yi rubutu a kan ladubban malamai da haƙƙoƙinsu a Ƙairawan. Saboda haka babu hujja ga masu cewa malami, musamman na addini, bai kamata ya yi maganar kuɗi ba. Kissar Annabi Musa (AS) a Madyana, cikin Suratul Ƙasas, ta nuna bayin Allah na gari suna fayyace wa'adin aiki da ladansa tun kafin a fara.

4.0 Kuɗi Iri Huɗu a Ƙarƙashin Suna Guda

4.1 Ladan aikin da aka riga aka yi

Na farko shi ne alawus na ƙarin aiki da yarjejeniyar 2009 ta tanada, kamar duba kundin ɗaliban digiri na biyu da na uku, da koyar da ɗalibai fiye da ƙima. An san aikin, an san ladansa, an yi shi, jami'a ta amfana. Wannan bashi ne tabbatacce ba tare da saɓani ba. Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi daga Abu Huraira (RA) wanda ya ambaci mutum uku da Allah zai zama abokin shari'arsu ranar alƙiyama, daga cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Biyan wannan alawus gutsi-gutsi, kamar naira biliyan 30 da aka saki a 2013, yana rage bashin gwargwadon abin da aka biya, ragowar kuma yana nan a zimma.

4.2 Ƙarin da aka amince ya koma baya

Nan ne ake samun ruɗani. Mai hukuma zai ce: watannin Janairu zuwa Agusta na 2023 an yi aikinsu a kan tsohon albashi, an biya, ƙullin ya cika. Abin da aka ƙara a Satumba kyauta ce, kuma ba a tilasta wa mutum kyauta. Wannan magana tana da gindi a wasu mazhabobi, domin a wurin Hanafiyya da Shafi'iyya kyauta ba ta lazimtar mai ita sai an damƙa ta, kuma jamhurin malamai suna ganin cika alƙawarin alheri mustahabbi ne, alƙali ba ya tilasta shi.

Malikiyya sun bi wata hanya. A wurinsu kyauta tana lazimta da furuci, damƙawa cika ta take yi. Imam Al-Haɗɗab (ya rasu 954) ya rubuta littafi sukutum, Tahrirul Kalam, a kan abin da ake kira iltizami, wato mutum ya ɗora wa kansa wani alheri ga wani. Ya bambance shi da wa'adi. Wa'adi ba da labari ne cewa za a yi alheri nan gaba, iltizami kuwa ƙaddamar da shi ne nan take, kuma ana gane kowanne daga lafazi da yanayin magana. Wanda ya ce "za mu duba yiwuwar ƙari" wa'adi ya yi. Hukumar da ta fitar da takarda mai hatimi, ta ambaci adadi, ta ambaci waɗanda abin ya shafa, ta ambaci ranar farawa, ta wuce matakin wa'adi. Iltizami ne, kuma ana hukunta mai shi da cikawa matuƙar bai tsiyace ba.

Ko da an ɗauka wa'adi ne kawai, Malikiyya suna da maganganu huɗu a kansa, kuma mashahuri shi ne na Ibnul Ƙasim da Sahnun: idan aka rataya alƙawari a kan wani dalili, wanda aka yi wa alƙawarin kuma ya shiga wani nauyi saboda shi, to cikawa ta wajaba a shari'ance. Misalin da suke bayarwa shi ne wanda aka ce masa ya rushe gidansa za a ba shi rancen sake ginawa, ya kuma rushe. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, ta ɗauki wannan ra'ayi a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disambar 1988. Ma'aikacin da ya janye yajin aiki, ko ya fasa shiga, ko ya ƙi karɓar aiki a wata ƙasa saboda ƙarin da aka sanar, ya shiga ƙarƙashin wannan hukunci.

Akwai kuma fuska ta uku. Idan wa'adin tsohuwar yarjejeniya ya ƙare, ɓangarorin biyu suka ci gaba da aiki bisa fahimtar cewa sabon adadi zai fara daga ranar ƙarewar, to abin da ake biya a tsakani wani ɓangare ne na lada, cikon yana jiran a tsayar da shi. Idan an tsayar, ƙarin ya zama ujra tun asali. Shi ya sa rubuta wannan sharaɗi tun farko yake da muhimmanci ƙwarai.

Ta kowace fuska aka bi, sakamakon a mazhabarmu guda ne: daga ranar da mai iko ya amince, ƙarin watannin baya ya zama bashi. Watannin da suka biyo bayan amincewar kuwa ba su ma buƙatar wannan bincike, domin an yi aikinsu ne a kan sabon lada.

4.3 Daftarin da ba a sa wa hannu ba

Na uku shi ne adadin da kwamitin tattaunawa ya ba da shawara, amma wanda ya naɗa shi bai amince ba, kamar daftarin kwamitin Briggs na 2022. A nan ƙungiya ce ya kamata ta yi hattara da lafazi. Kwamiti wakili ne, kuma wakili ba ya wuce iyakar da aka gindaya masa. Idan an ba shi ikon ƙullawa, abin da ya ƙulla ya lazimci wanda ya wakilta shi. Idan ikonsa tattaunawa ne da kawo shawara, daftarinsa yana rataye har sai an amince, kamar cinikin fuduli, wato mai sayar da abin da ba nasa ba, wanda Malikiyya suka ce ingancinsa yana jiran yardar mai abu. Neman wannan adadi halal ne, yana iya ma zama shi ne adalci, amma kiransa bashi kuskure ne.

Wannan ba ya wanke wanda ya mayar da naɗa kwamitoci hanyar cin lokaci. Tura wakili teburin sulhu alhali ba a da niyyar karɓar abin da zai kawo yaudara ce, kuma laifinta yana nan ko da bashi bai tabbata ba.

4.4 Albashin lokacin yajin aiki

Na huɗu shi ne mafi sarƙaƙiya. Ƙa'idar ajiri khas ita ce yana cancantar lada ne da miƙa kansa ga aiki a lokacin da aka ƙulla, ko da ba a ba shi abin yi ba. Idan shi ne ya janye, ladan wannan lokaci ya faɗi. Bahaushe ma yana cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gaskiya ne malamai da dama sun ba mai sana'a damar riƙe kayan da ya yi aiki a kansu har sai an biya shi, kuma ana iya kafa hujja da wannan a kan halaccin dakatar da aiki ga wanda aka danne wa ladan da ya wajaba. Sai dai halaccin dakatarwa abu ne daban, cancantar ladan lokacin da ba a yi aiki ba kuma abu ne daban.

Ƙungiya tana da hujjoji biyu masu nauyi. Na ɗaya, aikin malami bai tsaya ga shiga aji ba, akwai bincike da hidimar al'umma, waɗanda ba su tsaya cak ba. Na biyu, bayan dawowa an koyar da zangunan da aka rasa, an yi jarrabawa, an yaye ɗalibai. Mai hukuma zai amsa cewa an yi wannan ne a watannin da ake biyan albashinsu, kuma ba a biyan lada biyu a kan lokaci guda. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a tantance: duk aikin da ya ɗara na al'ada, kamar sadaukar da hutu ko haɗa rukunin ɗalibai biyu a shekara guda, wanda jami'a ta nema kuma ta amfana da shi, yana da ujratul misli, wato ladan da aka saba biya a kan irinsa. Tunda ƙididdige wannan yana da wuya, kuma kowane ɓangare yana da rabonsa na alhaki, babin sulhu ne ya fi dacewa da shi. Wanda ya kira dukkan kuɗin haƙƙi tsantsa ya zarce, haka ma wanda ya kira dukkansa alfarma.

5.0 Jinkiri da Faɗuwar Darajar Kuɗi

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya siffanta taurin bashin mai hali da zalunci. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara kuma ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Hukuma takan fake da ayar, ƙungiya takan riƙe hadisin. Malamai sun haɗa su da cewa mai da'awar ƙunci, idan an san shi da dukiya, shi zai kawo hujja. Hukumar da take da kuɗin shiga, tana kashewa a kan abubuwan da ba su kai biyan haƙƙi muhimmanci ba, matsalarta ta tsara fifiko ce, ba a kiranta matsattsiya. Wadda kuwa asusunta ya gaza da gaske, wajibinta ta buɗe lissafi, ta amsa bashin, ta faɗi lokacin biya.

Illar jinkiri a wannan zamani ta wuce jira. A ɗauka malami yana karɓar naira 200,000 a wata. Ƙarin kashi 25 zai zama 50,000, na wata 12 kuma 600,000. A Janairun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Hauhawar farashi, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta tashi daga kashi 21.82 a Janairun 2023 zuwa 34.80 a Disambar 2024. Wanda aka biya shi 600,000 bayan shekara biyu ya karɓi adadinsa cif, amma buhunan hatsin da za ta saya sun ragu matuƙa.

Shin ya halatta a ƙara masa wani abu? Ƙarin da aka shardanta saboda tsawon jinkiri, kashi kaza duk wata, shi ne ribar Jahiliyya da Alƙur'ani ya haramta, kuma kasancewar mai bin bashin wanda aka zalunta ne ba ya halatta ta. Asali shi ne a biya bashi da kwatankwacinsa, kuma wannan ce matsayar Majalisar Fiƙihu mai lamba 42 ta 1988. Amma tun da daɗewa akwai masu lura da daraja. Abu Yusuf (ya rasu 182) ya ga a biya ƙima idan fulus suka yi tsada ko araha, Ibnu Abidin (ya rasu 1252) ya rubuta risala a kan mas'alar. A cikin Malikiyya, Ar-Rahuni (ya rasu 1230) ya ƙayyade mashahurin zance da cewa idan faɗuwar ta yi muni har mai karɓa ya zama kamar bai karɓi wani abin kirki ba, sai a koma ga ƙima. Wasu masu sharhin Mukhtasar na Khalil kuma sun ɗora wa mai taurin bashi asarar da sauyin kuɗi ya jawo a lokacin taurinsa. A zamanta na Dubai a 2019, Majalisar ta amince cewa idan hauhawa mai tsanani ta auku bayan tabbatar bashi, babu laifi ɓangarorin su daidaita a lokacin biya a kan ƙima ko raba asarar, ta hanyar sulhu ko alƙali ko mai sasanci, muddin ba a shardanta hakan tun wurin ƙullawa ba.

Akwai matsayar da ta fi waɗannan amfani ga masu tsara albashi. A zamanta na Burunai a 1993, cikin matsaya mai lamba 75, Majalisar ta halatta a sa sharaɗi a dokokin aiki cewa za a riƙa daidaita albashi lokaci-lokaci gwargwadon tashin farashi, domin kare ma'aikaci. Ta ƙara da cewa idan ladan ya taru ya zama bashi, hukuncin bashi ne zai hau kansa. Ma'ana, Shari'a ta buɗe ƙofa mai faɗi kafin albashi ya zama ariyas, ta ƙuntata ta bayan ya zama. Da an bi ta farkon, da yawancin ƙarin da ke komawa baya bai taso ba.

6.0 Wa Ake Bi?

A jami'o'in tarayya majalisar gudanarwa ce take ɗaukar ma'aikaci, amma albashi daga asusun tarayya yake fitowa. Shugaban jami'a a nan amini ne kuma wakili. Ba a binsa abin da bai zo hannunsa ba. Idan kuwa kuɗin ya iso, ya karkatar da shi zuwa gini ko wata hidima, komai kyawunta, ya yi ta'addanci a kan amana, kuma lamuni ya hau kansa.

Jami'o'in jihohi da masu zaman kansu, har da na Musulunci, lamarinsu daban ne. Takardar da Gwamnatin Tarayya ta fitar ba ta lazimtar wanda bai ƙulla ta ba, sai idan dokar jami'ar ko takardar ɗaukar aiki ta ce za a bi tsarin albashin tarayya, ko kuma hakan ya zama al'ada tabbatacciya, domin abin da aka sani a al'adance yana daidai da abin da aka shardanta. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, bashin yana farawa ne daga ranar da gwamna ko majalisar amintattu ta amince, bisa ranar farawar da ta ambata da kanta. Jami'ar da take ɗauke da sunan Musulunci ita ce mafi cancantar rubuta wannan ɓaro-ɓaro, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa ta sauka.

7.0 Sulhu, Gado da Zakka

Idan bashi ya tabbata kuma lokacinsa ya yi, ya halatta a daidaita a kan biya kashi-kashi, ko a yafe wani ɓangare. Sai dai yafewa haƙƙin mai kuɗin ne. Shugabannin ƙungiya wakilai ne wajen nema da tattaunawa, ba su da ikon sadaukar da dukiyar mambobi sai da izini bayyananne ta hanyar da tsarin ƙungiyar ya tanada. Yafewar da aka samu ta hanyar cewa "ku bar rabi ko ku rasa duka" ba ta halatta wa mai hali abin da ya riƙe.

Wanda ya yi aiki a watannin da ƙarin ya shafa, sannan ya yi ritaya ko ya bar aiki, rabonsa yana nan. Wanda ya rasu, rabonsa ya shiga tarikarsa: a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa, a raba wa magada. Idan akwai marayu, babu mai ikon yafe nasu. Tsallake sunayen mamata da 'yan fansho a jadawalin biya, saboda ba su da bakin magana a taron ƙungiya, cin dukiyar mutane ne da ɓarna.

Game da zakka, a mazhabar Malik bashin da asalinsa lada ne, ba kuɗin da mutum ya ranta daga hannunsa ko kayan kasuwanci ba, ba a fitar masa da zakka yana hannun wanda ake bi. Idan an karɓa, sai a fara lissafin shekara daga ranar karɓa, in ya kai nisabi shi kaɗai ko tare da wani.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ladan aikin da aka yi da ƙarin da mai iko ya amince da shi bashi ne, jinkirta su ga mai hali zalunci ne. Daftarin da ba a amince da shi ba buƙata ce da ake nema ta hanyar tattaunawa. Albashin lokacin yajin aiki kuwa wurin ijtihadi ne da sulhu. Idan aka zuba su a ƙwarya guda, hukuma takan yi amfani da raunin na uku da na huɗu ta ƙi biyan na farko da na biyu, ƙungiya kuma takan yi amfani da ƙarfin na farko da na biyu ta rufe azuzuwa a kan dukkansu.

Wanda yake biyan farashin wannan cakuɗawa shi ne ɗalibin da ba ya cikin ƙullin, wanda aka ci masa wata takwas a 2022 ba tare da wani ya yi maganar biyansa ba, alhali kawar da cuta ƙa'ida ce daga manyan ƙa'idojin Shari'a. Domin haka ake ba da shawarar kada a sanar da ƙari sai an san inda kuɗinsa zai fito, a rubuta ranar farawa da ranar biya a takarda guda, a fayyace ikon kowane kwamiti kafin ya zauna, a sa sharaɗin daidaita albashi da farashi, a kuma amince tun farko da masu sasancin da hukuncinsu zai lazimci kowa. Alƙawari kaya ne, kuma wanda ya sa hannu a madadin jama'a za a tambaye shi a kansa shi kaɗai.

Allah ne Mafi sani.